Babi na Shida: Karkarwa a Ƙasan Jirgi

Iska ce ke tafiyar da shi, amma da wuya ka ga jirgin yawon teku na zamani da ba shi da ɗan injin dizal a ɓoye ƙarƙashin matakalar sauka ɗaki. Galibi ƙarami ne, mai ƙarfin doki 10 zuwa 50, ƙirar Yanmar ta Japan, ko Volvo Penta ta Suwidin, ko Beta Marine ta Ingila. Yakan yi kwanaki ba a tashe shi ba. Ranar da aka neme shi kuwa ba ranar wasa ba ce: ko ana shiga tasha mai ƙunci tsakanin jiragen mutane, ko iska ta ɗauke alhali igiyar ruwa tana tura jirgi wajen duwatsu. Shi ya sa matuƙi ba ya raina sabuwar karkarwar da ya ji a tafin ƙafarsa bayan ya sa giya.

Kafin a shiga neman laifi, ya kamata a san hanyar da ƙarfi ke bi daga inji zuwa ruwa. Injin yana zaune a kan ƙafafu huɗu na roba. A bayansa akwai wani faranti mai sifirin ko roba da ke shanye fizgar fistin kafin ta isa giyabos. Giyabos yana rage gudun juyi, ya kuma ba da gaba da ribas. Daga nan sai mahaɗa, wato faifan ƙarfe biyu da aka ɗaure fuska da fuska da kusoshi, sai sandar farfela ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 25 ko 30 a yawancin ƙananan jirage. Sandar tana huda jikin jirgi ta cikin wani bututu mai abin tare ruwa, ta ratsa bushin na roba da ruwan teku ke sanyaya shi, sannan ta ƙare a farfela. Wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, farfela ba jirgi take turawa kai tsaye ba. Sandar take turawa, sanda ta tura giyabos, giyabos ya tura inji, injin ya tura waɗannan ƙafafun roba huɗu, su kuma su tura jirgi. Tan biyar ko shida na jirgi da kayansa, duk ta kan roba ake tura su.

Tunda duk waɗannan a ɗaure suke da juna, inda aka ji karkarwa ba lallai nan aka haife ta ba, kamar ciwon haƙori ne da mutum ke ji a kunne. Giyabos yana tsakiyar layin, ƙarfe ne rufaffe da ba a ganin cikinsa, kuma daga wajensa ƙara take fitowa, saboda haka shi ake fara zargi. Shi ne kuma ya fi komai tsada da wahalar cirewa. A ganina babu asarar da ta fi ciwo a wannan harka irin ta mutumin da ya biya aka sauke giyabos, aka kai shago, aka buɗe, aka mayar, ya fita teku ya tarar karkarwar tana nan, domin tun farko guntun igiya ne ya naɗe farfela. Abin da ke raba mai gano matsala da mai canza kaya barkatai shi ne tsarin da yake bi wajen tambaya.

Tambaya ta farko ba ta cin ko sisi. A ɗaure jirgi da kyau a tasha, a tashi inji, a bar shi a firi, a riƙa ƙara totur a hankali daga silo har sama. A firi sanda da farfela ba sa juyawa. In karkarwar ta bayyana a haka, to an wanke su, sai a koma kan injin kansa: nozul da ba ya fesa mai daidai, iska a layin mai, silinda ɗaya da ba ta aiki, ko ƙafar roba da ta mutu. Injin silinda ɗaya ko biyu, irin 1GM10 da 2GM20 na Yanmar, dama can yana rawa a silo, halinsa ne, kuma yakan natsu da zarar an ɗan ɗaga totur. In kuwa a firi lafiya lau, sai an sa giya abin yake tashi, to galibi laifin yana daga giyabos zuwa baya.

Tambaya ta biyu ita ce yaushe abin ya fara. Karkarwar da ta faɗo farat ɗaya ana cikin tafiya, musamman in gudun inji ya ɗan faɗi tare da ita, kusan kullum wani abu ne ya kama farfela. Gaɓar Fotugal ta yi suna wajen igiyoyin tarkon masunta da ke shawagi a saman ruwa, haka ma kudancin Ingila, ga ragowar raga da buhunan leda a ko'ina. Wadda ta zo a hankali cikin watanni, ko dai lalacewa ce ta sannu, ko kuma ƙananan halittun nan masu ɓawo ne suka manne wa farfela. A ruwa mai ɗumi makonni kaɗan sun ishe su rufe ta. Ba sa mannewa daidai wa daida a kowane fiffike, don haka farfelar takan yi nauyi ta gefe guda, ga shi kuma sun ɓata santsin da take yanka ruwa da shi. Wadda kuma ta bayyana ranar da aka mayar da jirgi ruwa bayan gyara, sai a tambayi abin da aka taɓa. Duk waɗannan ukun, matakin farko ɗaya ne: a leƙa ƙasa da gilashin ninƙaya, ko a zura ƙaramar kyamara a kan sanda. Wanda zai shiga ruwa ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihunsa, kada ya dogara da alkawarin kowa cewa ba za a taɓa ba.

A can ƙasa akwai abubuwan da hannu zai gaya maka. Ka kama sandar kusa da farfela ka jijjiga ta sama da ƙasa, dama da hagu. In ta yi ƙwas-ƙwas a cikin bushin, robar ta cinye. Ka duba dunƙulen tutiya da ake ɗaurawa a sanda domin gishiri ya ci shi maimakon ya ci farfela: in ya zaizaye kusoshinsa sukan saki, ya riƙa zamewa yana bugun abin da ke riƙe da bushin. Ka dubi launin farfelar. Tagulla mai lafiya ruwan zinariya ce, in an ƙwanƙwasa ta a tudu tana amsawa da ƙara mai tsawo. In ta koma ja-ja mai dabbare-dabbare, ƙararta ta mutu, to tutiyar da ke cikin ƙarfen ta tsiyaye, saura ƙarfe mai gautsi da zai iya ɓallewa kowane lokaci. In kuma farfelar irin mai naɗewa ce, kamar Gori da Flexofold na Denmak, ko mai juya fikafikanta ta bi ruwa irin Max-Prop ta Italiya, sai a tabbata kowane fiffike yana buɗewa cikin sauƙi. An ƙera su ne don kada su ja jirgi baya in ana tafiya da iska, amma fiffike ɗaya ya maƙale a rufe, jirgin zai yi girgizar da za ka ɗauka injin zai tsinke daga mazauninsa.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, domin tana mayar da abin da ƙafa ke ji ya zama lissafi. Kowane abu mai juyawa yana da nasa saurin. A jikin giyabos akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta yawan ragin da yake yi. A ce Kanzaki KM2P ne mai ragin 2.62, inji kuma yana juyi 2,400 a minti. Injin yana juyi 40 ke nan a daƙiƙa. Sandar farfela tana yin kusan 916 a minti, wato wajen 15 a daƙiƙa. In farfelar mai fikafikai uku ce, fiffike yana wucewa ta ƙarƙashin jikin jirgi kusan sau 46 a daƙiƙa. Yawancin wayoyin hannu na yanzu suna da na'urar jin motsi, kuma akwai manhajojin da ke nuna saurin girgiza in aka kwantar da waya a kan daɓen jirgi. In girgizar ta fi ƙarfi a wajen 15, abu ne da ke faruwa sau ɗaya a kowane juyin sanda: sanda ta lanƙwashe, farfela ta yi nauyi a gefe, ko saiti ya goce. In a wajen 46 take, to maganar fikafikai ce da ruwan da suke ratsawa. In a 40 ne, koma wa inji. Ko babu waya kunne yana rarrabewa: bugun sanda a hankali yake, har kana iya kusan bin sa da ƙirga, na fikafikai kuwa gurnani ne.

Wannan gurnanin na fikafikai wani lokaci ba lalacewa ba ce, ƙira ce. Dave Gerr, marubucin Propeller Handbook, da sauran masana suna son a bar tazara tsakanin bakin fiffike da jikin jirgi da ta kai wajen kashi 15 cikin ɗari na faɗin farfela. Mai jirgi yakan sayi farfela mafi girma don neman ƙarin gudu, tazarar ta ragu, kowane fiffike ya riƙa marin jikin jirgi da ruwa. Tsofaffin jirage masu farfela mai fikafikai biyu a cikin wata 'yar taga bayan ƙashin jirgi su ma suna da bugunsu, domin fikafikan biyu suna shiga inuwar ƙashin lokaci guda su fita lokaci guda. Sai kuma tafasar ruwa. In farfela ta yi gudu fiye da kima ko aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, matsin ruwa a bayan fiffike yakan faɗi har ruwan ya koma tururi ba tare da zafi ba, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe. Ƙararta kamar ana zuba tsakuwa a ƙarƙashin jirgi, kuma tana barin ƙananan ramuka a fiffike. Wannan matsala ce ta hana jirgin Turbinia na Charles Parsons gudu lokacin da aka fara gwada shi a 1894, har sai da Parsons ya ƙera ƙaramin kwarmin ruwa na gwaji don ya ga abin da idonsa, ya sauya tsarin farfeloli. A 1897 jirgin ya keta tsakanin jiragen yaƙin Ingila a Spithead da gudun da ya haura mil 34 na teku a awa.

Yanzu mu zo kan saiti, wanda a nan ne mafi yawan karkarwa mai naci take kwana. Ana so tsakiyar giyabos da tsakiyar sandar farfela su zama a kan miƙaƙƙen layi ɗaya. Ana gwadawa ne a mahaɗa: a kwance kusoshi, a ja faifan biyu su rabu kaɗan, a tallafi sandar ta zauna a tsakiyar bututunta, a sake haɗa fuskokin da hannu, sannan a zura siraran ƙarafan awon nan da makanikai ke gwada tazarar bawul da su, a sama, a ƙasa, dama da hagu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci a kan kowane inci na faɗin faifan. Faifai mai inci huɗu ke nan an yarda masa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, kusan kaurin takarda. Sai a juya sandar rabin zagaye a sake gwadawa. In gibin ya tsaya inda yake, injin ne ya goce, sai a gyara da notocin ƙafafunsa. In gibin ya bi sandar ya koma ɗaya gefen, to sandar ce ta lanƙwashe ko faifanta bai zauna daidai ba, kuma ko ka kwana kana juya notoci ba za ka gyara shi ba. Wannan juyin na rabin zagaye shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa.

Ga kuma abin da ke ba sabon mai jirgi mamaki: jirgi yana canza siffa. A tudu, yana zaune a kan ƙashinsa da 'yan sanduna masu tokare shi. A ruwa, ruwan ne ke ɗauke da shi ta ko'ina. In aka kafa turke aka ɗaure wayoyin da ke riƙe shi tamau, suna jan gaba da bayan jirgi sama, turken kuma yana danna tsakiya ƙasa. Jikin jirgi na faiba ko na katako yana bin wannan jan, ko da kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ya fi kaurin takarda. Saitin da aka yi a tudu saboda haka na wucin gadi ne. Na gaskiya sai jirgi ya sauka ruwa, an kafa turke, an ɗaure wayoyi, an bar shi ya kwana ɗaya ko biyu ya zauna. Ƙafafun robar su ma ba sa tsayawa yadda aka bar su. Sababbi sukan ɗan nutse a farkon aiki, tsofaffi kuma dizal da baƙin mai da ke ɗiga a kansu suna narkar da su. Akwai gwaji mai sauƙi: mutum ɗaya ya tsaya yana kallon inji, wani ya sa gaba, ya dawo firi, ya sa ribas. In injin ya yi tsalle gaba da baya fiye da kima, ko kusurwa ɗaya ta ɗaga, an sami ƙafar da ta rabu da ƙarfenta. Saiti mara kyau ba karkarwa kaɗai yake jawowa ba. Yana cinye bushin ta gefe guda, yana sa abin tare ruwa ɗiga, yana kuma gajiyar da boris ɗin bayan giyabos, har wata rana giyabos ɗin ya lalace da gaske a kan laifin da ba nasa ba.

Wani ƙaramin kuskure da ke biyo bayan cire farfela: bakin sandar a fiƙe yake, ramin farfela ma haka, kuma akwai ɗan maɓallin ƙarfe da ke shiga tsakaninsu. In maɓallin ya yi tsayi ko ya zame gaba, farfelar takan hau kansa maimakon ta zauna a kan sanda, sai ta karkace. A fara saka ta babu maɓalli a yi alama inda ta tsaya, a sake sakawa da maɓalli. In ba ta kai alamar ba, ba ta zauna ba.

Jiragen da ke da ƙafar tuƙi mai sauka kai tsaye ta ƙasan jirgi, irin wadda Volvo Penta da Yanmar ke yi, sun huta da maganar saiti. Nasu abin lura shi ne mai: in ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga ta robobin bayan farfela. Volvo Penta kuma tana ba da shawarar canza babbar robar da ke tare ruwa a ramin da ƙafar ke ratsawa duk shekara bakwai.

To, yaushe ne laifin giyabos ne? Alamominsa daban suke, kuma galibi ba karkarwa ba ce zalla. Ka sa gaba, sai ya yi jinkiri kafin ya kama, ko ya kama da bugu. Ka ƙara totur, inji ya yi ihu, jirgi bai ƙara gudu ba. Ribas yana aiki garau amma gaba yana zamewa, domin kulocin gaba ya yi aikin sa'o'i ɗaruruwa, na ribas kuwa mintoci ne. Ko a nan ma kada a yi saurin ɗauko sufana. A cire kebul daga hannun giyar da ke jikin giyabos, a tura hannun da hannu har ƙarshe. In ya kama da kyau, kebul ne ya miƙe ko saitinsa ya goce, ba ya kai hannun inda ya kamata. Sai dai kebul ɗin da aka bari a haka yana sa kuloci aiki rabi a kame, kuma wannan shi ne ke ƙona shi. Haka kuma a yi alama da alli a kan sanda da faifan mahaɗa: wani lokaci giyabos yana juyawa lafiya, sandar ce ke zamewa a cikin faifan. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin a ribas farfela jan sandar take yi, tana iya zare ta baya ta bar rami a buɗe ƙarƙashin ruwa.

Akwai kuma wata ƙara mai ban tsoro, kaca-kaca kamar ƙarafa sun warwatse a cikin giyabos, da ake ji a silo in an sa giya, ta ɓace da an ɗaga totur kaɗan. Yawanci farantin nan ne mai sifirin ya gaji, fizgar fistin tana isa haƙoran giya suna karo da juna. Canza shi yana buƙatar ja da giyabos baya, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon giyabos ba. Wani lokaci ma silo ne aka saita ƙasa da yadda kamfani ya ce.

Man giyabos yana ba da labari, a zaro ma'auni a shafa a farar takarda, a sansana. Mai baƙi mai ƙaurin ƙuna yana nufin kuloci ya daɗe yana zamewa. Ƙyalƙyalin garin tagulla kaɗan ba abin tashin hankali ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji magana ce babba. A kuma tabbata irin man da aka zuba shi ne nasa. Giyabos ƙirar Hurth, kamfanin da yanzu yake ƙarƙashin ZF ta Jamus, jan man giya mai sarrafa kanta yake sha. Kanzaki KM2P da KM3P kuwa man inji suke so. Waɗannan na Kanzaki kulocinsu mazugi ne na ƙarfe da ke shiga cikin ƙoƙo ya kama. Da daɗewa fuskarsa takan yi santsi, sai ya riƙa kamawa yana saki, yana kamawa yana saki, jirgi ya yi ta fizga a daidai lokacin da aka ƙara totur. Wannan ita ce karkarwar da giyabos ke haifarwa da kansa, kuma ita ake yawan ɗauka ta farfela ce. Abin da ke bambanta su shi ne allurar gudun inji: in kuloci ne takan yi rawa sama da ƙasa tare da fizgar, kuma a ribas abin ba ya faruwa. Makanikin da ya san aikinsa yakan goge mazugin da ƙoƙon da man gurza bawul su sake kama juna, ya gyara tazararsu, ba sai an sayi sabo ba.

Saura tambayar da masu jirage ke ta muhawara a kanta: in an kashe inji ana tafiya da iska, ina za a bar giya? Ruwa yana juya farfela, sanda tana gurnani, mutum ya so ya tsayar da ita. Amsar tana ga wanda ya ƙera giyabos ɗin. Na Hurth an yarda a bar shi a firi ko a sa ribas don kulle sanda, amma ba a sa shi a gaba, domin kulocin zai yi ta zamewa har ya ƙone. Yanmar kuwa ta fitar da sanarwa a 2008 cewa a bar giyabos ɗin injinanta a firi, saboda ribas yana iya matse mazugin ya ƙi fita. Giyabos mai aiki da matsin mai, irin Velvet Drive, ba ya kulle sanda ko wace giya aka sa in inji a kashe yake, sai dai a saka wa sandar birki nata daban.

Wanda yake so ya sauƙaƙa wa kansa duk wannan bincike, ya yi abu ɗaya ranar da jirgi ya sauka ruwa da farfela mai tsabta: ya fita inda ruwa yake kwance, ya buɗe totur gaba ɗaya na ɗan lokaci, ya rubuta iyakar juyin da inji ya kai da gudun jirgi a littafin tafiya. Injin 3GM30 na Yanmar ya kamata ya kusanci 3,600. In wata shida bayan haka ya tsaya a 2,900 yana fitar da baƙin hayaƙi, nauyi ya ƙaru a farfela, sai a shiga ruwa a duba. In kuwa ya wuce lambar da aka rubuta cikin sauƙi alhali jirgi ya rage gudu, wani abu yana zamewa tsakanin inji da ruwa, sai a fara da kebul da alamar alli kafin a kira makaniki.